Saniyar Ado a Bakin Titi: Gunki, Sadaka, ko Ciniki?

A shekara ta 1998 mutanen Zurich, babban birnin kasuwanci na ƙasar Suwizalan, suka wayi gari suka tarar da shanu wajen 800 a titunansu. Waɗansu suna tsaye, waɗansu sun sunkuyar da kai kamar masu kiwo, waɗansu kuwa suna kwance. Babu mai numfashi a cikinsu. An zuba su ne da faiba, wato wani haɗin roba da zaren gilashi mai ƙarfi amma marar nauyi, sa'an nan aka rarraba wa masu zane, kowa ya yi wa tasa ado yadda hikimarsa ta ba shi. Wani mutum mai suna Walter Knapp ne ya kawo shawarar, ɗansa Pascal kuma ya tsara siffar shanun. Manufar farko ba ta wuce ta kasuwa ba: a jawo baƙi cikin gari, su zaga, su yi sayayya.

Cikin baƙin da suka gani har da Peter Hanig, mai kantin takalma daga Shikago ta Amurka. Da ya koma gida bai huta ba sai da birninsa ya yi nasa a 1999, da shanu fiye da 300. A can ne al'amarin ya ɗauki kamannin da aka san shi da su yau. Kamfani ko attajiri yakan biya kuɗin saniya guda, mai zane ya yi mata ado, a kafa ta inda jama'a suke wucewa, da ɗan allo a gindinta mai ɗauke da sunan mai zanen da na wanda ya biya. Bayan 'yan watanni sai a kwashe su duka, a yi gwanjonsu, kuɗin ya tafi ga ayyukan jinƙai. Gwanjon Shikago ya tara wajen dala miliyan 3 da rabi.

Daga nan birane suka yi ta kwaikwayo, kowa da dabbarsa. Balin ta Jamus ta ɗauki beyar a 2001. Nairobi ta Kenya ta jera zakoki 50 a 2009, domin tara kuɗin kāre zakokin ƙasar da suke ƙarewa. Landan ta cika da giwaye fiye da 250 a 2010, aka sami sama da fam miliyan 4. A Biristol ta Ingila, a 2013, siffofi 80 na wani kare da yara suka sani a majigi sun kawo wa asibitin yara na birnin fiye da fam miliyan 2.

Abin da ya kai Nairobi bai yi wa Abuja nisa ba. Duk wanda ya san Utako ya san cewa in mutum yana neman idon jama'a, can zai same shi: ga kasuwa, ga tashoshin manyan motoci masu zuwa kowace kusurwa ta ƙasa, ga Titin Obafemi Awolowo da ba ya rabuwa da mutane, ga Tafkin Jabi nan kusa inda iyalai suke shan iska. Bukata kuwa ba a nemanta da fitila. Akwai marayu, akwai gwauraye, akwai waɗanda rikicin arewa maso gabas ya koro tun wajen 2014 suka sami mafaka a Durumi da Sabon Kucingoro. Matasan ikilisiya suna ganin hotunan waɗannan dabbobi a wayoyinsu, suna kuma jin yawan kuɗin da aka tara. Ba abin mamaki ba ne wata rana ɗaya daga cikinsu ya tashi a gaban dattawa ya ce me zai hana a gwada. Gara iyalai su auna maganar tun ba a kai ga wannan rana ba.

Amsar da za ta fara fitowa daga bakin iyaye da yawa ita ce: gunki ne. Ba kuwa amsar raini ba ce. Akwai gidajen da kakanninsu suka ƙone kayan tsafi da hannunsu sa'ad da suka ba da gaskiya, waɗansu har danginsu suka yashe su saboda haka. Wanda ya gāji irin wannan labari, in ya ga siffar saniya an kafa ta a dandali mutane sun kewaye ta, dole ɗan maraƙin zinariya na Fitowa sura 32 ya faɗo masa a rai.

Amma mai karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa zai lura da wani abu. 'Yan kunnen zinariya ne Haruna ya tara ya zuba maraƙin. Surori uku kawai bayan wannan, jama'ar nan dai suka sāke kawo 'yan kunne da zobba da mundaye domin aikin alfarwa ta sujada, har Musa ya sa aka yi shela a daina kawowa don sun yi yawa. Da zinariyar nan aka ƙera kerubobi masu fikafikai, Bezalel da ya shugabanci aikin kuwa an shaida cewa Ruhun Allah ne ya ba shi gwanintar. Sulemanu ma, a Haikali, ya ɗora babbar kwatarniyar tagulla a kan bijimai goma sha biyu, uku suna fuskantar arewa, uku yamma, uku kudu, uku gabas, kamar yadda 1 Sarakuna sura 7 ta nuna. Ga maraƙi ɗaya da ya jawo hukunci, ga bijimai goma sha biyu a farfajiyar ɗakin Ubangiji ba wanda ya tsauta. Dukansu siffar shanu ne, dukansu aikin maƙeri. Bambancin yana cikin abin da mutane suka nema a wurinsu. An ce wa maraƙin shi ne ya fito da su daga Masar, aka miƙa masa hadaya. Bijiman kuwa ruwan wanka na firistoci suka ɗauka, iyakar aikinsu ke nan.

Labarin macijin tagulla ya fi wannan tsoratarwa, gama yana nuna abu ɗaya yana iya tashi daga wannan matsayi ya koma wancan. Bisa ga umarnin Allah Musa ya yi shi a jeji. Bayan ɗaruruwan shekaru sarki Hezekiya ya farfashe shi, domin jama'a sun shiga ƙona masa turare. Macijin yana nan yadda Musa ya bar shi. Zukatan masu dubansa ne suka sāke.

Saniyar faiba da aka zana wa furanni, yara suna hawa suna ɗaukar hoto, ba mai roƙonta ruwan sama ko haihuwa. Kiranta gunki nauyaya mata kaya ne. Ƙasar Gbagyi da aka gina Utako a kanta ma ta daɗe da sanin adon dabbobi wanda ba ruwansa da sujada. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta yi suna ne da tukwane da randunan da take zana wa ƙadangare, da kunama, da kada, da hawainiya, da kifi. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ayyukanta suka kai har Turai da Amurka. Ba a taɓa jin wanda ya durƙusa wa ƙadangaren Ladi ba.

Duk da haka titi ba na mutum ɗaya ba ne. A Utako Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, suna shiga mota ɗaya, Musulmi da yawa kuwa ba sa sakin jiki da mutum-mutumi na abu mai rai, haka ma waɗansu masu bi. Manzo Bulus ya yi doguwar magana a kan naman da aka yanka wa gumaka, ya yarda cewa gunki ba kome ba ne, amma ya gwammace ya haƙura da naman da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Wanda yake so ya tara kuɗin marayu, ya kuma fara da ɓata wa rabin unguwa rai, ya ɗauko hanya mai nisa. Tulun Gbagyi mai tsayin mutum, ko babbar ƙwarya, ko ganga, za su karɓi fenti kamar yadda saniya za ta karɓa. Wannan matsala mai sauƙin warwarewa ce.

Mai wuyar tana gaba, ba ta kuwa jikin saniyar. Tana kan ɗan allon nan da yake gindinta.

Me ya sa mutumin da zai wuce almajiri ko gurgu a bakin Kasuwar Utako ba tare da ya taɓa aljihu ba, zai ɗaga hannu a zauren gwanjo ya kira miliyoyi? A Dablin ta Ailan, a 2003, an sayar da saniya guda da John Rocha ya lulluɓe da ƙananan gilasai masu walƙiya a kan kuɗin da ya kai dala 146,000. Marasa lafiya da matalautan da kuɗin zai taimaka suna nan tun kafin a zuba saniyar. Ba su suka motsa mai sayen ba, sai da aka haɗa masa da taro, da abokan takara, da tafi, da abin da zai kai gida ya nuna wa baƙi. Ubangiji Yesu ya yi kashedi a Matiyu sura 6 game da masu busa ƙaho in za su ba da sadaka, ya ce sun riga sun karɓi ladansu, ya kuma umarta a yi ta a ɓoye har hannu ɗaya kada ya san abin da ɗayan ya yi. Hausawa suna da suna biyu ga wannan cuta, riya da ganin ido. Allon da ke gindin saniya, da sunan banki ko kamfanin waya a rubuce ɓaro-ɓaro, ƙaho ne da aka yi da ƙarfe domin ya daɗe yana busawa.

Kada kuwa wani ya ɗauka wannan halin Turawa ne. Ikilisiyoyi da yawa a ƙasar nan suna yin gwanjo ranar godiyar kaka. A kawo ɗan akuya an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ko zakara, ko damin dawa, mai shela ya riƙe lasifika yana zuga manya, har abin da bai wuce 'yan dubbai a kasuwa ba ya tashi a ninkin ba ninki. A wurin ƙaddamar da gidauniya akan kira sunan mai bayarwa da adadin da ya bayar, a tafa masa gwargwadon nauyin ambulan ɗinsa. Tun kafin wannan akwai ajo, akwai sanƙira mai faɗa wa taro abin da wane ya ba da. Saniyar Shikago da ɗan akuyan godiyar kaka 'yan gida ɗaya ne, sai dai ɗaya ba ya cin dusa. Wanda zai hukunta waccan, sai ya fara duban wannan.

To, a hana ke nan? A nan ne ya kamata a yi hankali, gama Littafin da ya ce a ɓoye sadaka shi ne kuma ya ce a bar haske ya haskaka a gaban mutane domin su ga kyawawan ayyuka su ɗaukaka Uba. Barnaba ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, a bainar jama'a, aka kuwa rubuta sunansa. Bulus ya yi wa Korantiyawa ƙaimi da labarin bayarwar mutanen Makidoniya. Ɗan Adam mai kwaikwayo ne. Ganin wani ya bayar yakan kwance hannun da ya daɗe a dunƙule. Hananiya da Safiratu ma ba bayarwa a fili ce ta hallaka su ba. Sun so a yi musu tafin wanda ya ba da duka, alhali sun ɓoye wani kashi.

Akwai kuma wanda ba a cika tambayarsa ba a irin wannan muhawara, wato mai karɓa. Yaron da aka yi wa aiki a asibitin Biristol ya warke, ko da wace niyya mai sayen karen ya ɗaga hannu. Uwar da ke Durumi, in buhun masara ya iso, ba ta da lokacin binciken zuciyar wanda ya aiko. Kashedin Matiyu sura 6 domin ran mai bayarwa aka yi shi: shi ne yake hasarar lada a wurin Uba. Ba a ce a mayar masa da kuɗinsa a bar mayunwaci da yunwarsa ba. Mai wa'azin da zai rufe ƙofar taimako domin ya tsare tsarkin niyyar attajiri, da cikin wani yake yin azumi.

Abin da gaskiya take bukata shi ne a kira kowane abu da sunansa. Kamfanin da ya biya kuɗin saniya ya sayi talla ne, ya kuwa samu. Attajirin da ya ci gwanjo ya sayi kayan ado da suna, ya kuwa samu. Ciniki ne halattacce wanda ribarsa ta faɗa wa mabukata, ba laifi a ciki. Laifin yakan shigo sa'ad da aka tsaya a bagade aka kira wannan ciniki hadaya, aka zaunar da mai shi a kujerar gaba, yara suna kallo suna koyon cewa haka ake bayarwa. Gwauruwar nan ta Markus sura 12, mai 'yan anini biyu, ba za ta iya sayen ko kofaton saniyar ba. In tsarin tara kuɗi na ikilisiya ya zama ba shi da wurin da irinta za ta tsaya ba tare da kunya ba, an yi hasarar abin da gwanjo ba zai biya ba.

Sa'an nan ga maganar lissafi. Jimillar da ake shelarta bayan gwanjo ba kullum ita ce take isa hannun mabukata ba. Akwai kuɗin zuba siffofin, da na masu zane, da na dako, da na gadi, da na gyaran waɗanda 'yan ɓarna suka fasa, da na zauren taro da abincin manyan baƙi. Waɗansu masu shirya irin wannan nuni kamfanoni ne masu neman riba, suna kuma sayar da ƙananan kwafin dabbobin a kantuna. Wannan ba sata ba ce muddin an faɗa tun farko. Amma a ƙasar da aka sha ƙaddamar da gidauniya da kiɗa, aka kuma binne ta shiru, wajibi ne a tambaya: nawa aka yi alkawari a gaban lasifika, nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ya rage, wa ya karɓa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin lura ne cewa Fitowa sura 38 ta tsaya ta ƙididdige nauyin zinariya da azurfa da tagullar da aka yi aikin alfarwa da su, a ƙarƙashin kulawar Itamar ɗan Haruna. Bulus kuma bai yarda ya ɗauki gudunmawar Urushalima shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa. Ba a taɓa rubuta lissafin zinariyar maraƙin Haruna ba. Da Musa ya tambaye shi, cewa ya yi ya jefa a wuta sai ga maraƙi ya fito. Ma'ajin da ba ya son a duba littafinsa yakan yi irin wannan bayani.

Wata illa kuma ta fi waɗannan ɓoyuwa. Kuɗin nuni yakan bi kyan gani. Zaki da giwa da karkanda suna samun masu zane da masu saye, sun kuwa cancanta. Giwayen Yankari a Jihar Bauci suna cikin 'yan garkunan da suka rage wa Nijeriya. Amma wa zai kafa mutum-mutumin ungulu? Ga shi kuwa tun 2015 aka sa irin ungulun da aka saba gani a mahautan ƙasar Hausa cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, ita ce kuma take kwashe mushe kafin ya zama cuta. Jaki, wanda ya ɗauki kayan talaka shekara da shekaru, an yi ta yanka shi domin fatarsa har sai da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana wannan yanka a Fabrairun 2024. Haka abin yake a tsakanin mutane. Jariri maraya yana da hoto mai taɓa zuciya. Tsoho mai taɓin hankali da yake kwana a bayan tashar mota, da ɗan kurkukun da danginsa suka manta da shi, da mace mai yoyon fitsari, ba su da siffar da za a yi wa fenti a kafa a shataletale. In ikilisiya ta saba da bayarwa sai an ƙayatar da idonta, waɗannan su ne za su fara faɗuwa daga lissafi, alhali irinsu ne Matiyu sura 25 ta jera.

Ba daidai ba ne a rufe ido ga alherin da ke cikin abin. Na 'yan makonni, aikin gwanaye yakan fito daga zaurukan da sai mai hali yake shiga, ya tsaya inda ɗan dako da mai tura baro da 'yar talla za su gani kyauta, su taɓa, su yi dariya. Birnin da aka tsara domin motoci da katangu masu waya a kai yana bukatar irin wannan. Matasan da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran makarantu, suna yawo da gwaninta ba aikin yi, za su sami abin yi da suna. Sai dai bayan gwanjo saniyar takan koma bayan katangar wanda ya saye ta, titi ya koma yadda yake.

Nunin giwaye da aka fara a Rotterdam ta ƙasar Holan a 2007 yana da asali mai ban tausayi. Marc Spits ya ziyarci asibitin giwaye na Lampang a ƙasar Tailan, ya ga wata 'yar giwa mai suna Mosha wadda ta taka nakiyar da aka binne a kan iyakar ƙasar da Bama tana da wata bakwai, ta rasa ƙafar gaba. Shi da ɗansa Mike suka kafa nunin domin taimakon irinta. An yi wa Mosha ƙafar roba, amma giwa ba ta daina girma don an gama biki. Sa'ad da aka sa mata ƙafar farko nauyinta wajen kilo 600 ne; zuwa 2016 ta haura kilo 2,000, an kuwa ƙera mata ƙafa har sau tara. Kowace sabuwar ƙafa sai an auna, an ƙera, an biya, ko akwai nuni a wannan shekara ko babu.

Marayan da gwanjon bana zai biya wa kuɗin makaranta zai shiga aji na gaba baɗi, takalminsa ya matse shi, littattafansa su canja. A yawancin ikilisiyoyi Zumuntar Mata ce take ɗauke da irin wannan nauyi, da mudun hatsi da 'yan canjin da ake tarawa mako mako, ana rubutawa a littafin makaranta mai bangon takarda. Duk kwamitin da zai zauna a kan shawarar kafa dabbobin ado a Utako, ya kamata ma'ajiyar Zumunta ta kasance a wurin da littafin nan nata, a kuma fara jin ta bakinta a kan yawan yaran da suke hannunsu da abin da zangon karatu ɗaya yake ci.